Kamfanin da ya tura ni jinya Mambila: sun iya biyan albashi, amma ba su san dutse ba

Akwai wasu kamfanoni yanzu a Legas, galibinsu a Ikeja da Yaba, waɗanda sana'arsu ita ce haɗa ma'aikatan jinya da asibitocin da ke neman hannu na ɗan lokaci. Ba su da gado ko ɗaya, ba su da majinyaci. Dillalai ne, mu ne hajar. Ɗaya daga cikinsu ne ya tura ni tudun Mambila a Jihar Taraba da kwantiragin wucin gadi, kuma tun da na dawo Agege abokan aiki ke tare ni da tambaya: "Sista, in sa hannu ko kar in sa?" Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, don akwai inda zan yaba musu, akwai inda zan ɗora musu laifi. Takardun kamfanonin nan ma kusan duk kwafin juna ne, wadda ta karanta wannan za ta gane nata.

Ni nas ce kuma ungozoma, haihuwar Agege, kodayake asalin gidanmu Katsina ne. Na daɗe a wani asibitin kuɗi ta wajen Ikeja, inda albashi ke tsaye wuri guda, kuɗin haya da na danfo suna ta gudu. Da yawa daga cikin waɗanda muka yi makaranta tare yanzu suna Ingila ko Saudiyya. Lokacin da hukumar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa ta fito da sabuwar ƙa'ida a Fabrairun 2024, cewa sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardun fita waje, har zanga-zanga 'yan'uwanmu suka yi a Legas da Abuja. Ni ba ni da niyyar fita. Inna ta tsufa, yara suna makaranta. Abin da ya rage wa irina shi ne aikin kwantiragi a cikin gida, wata uku nan, wata shida can, a wuraren da ma'aikatan dindindin ba sa son zama.

Mutanen kamfanin ba su karɓi ko sisi a hannuna ba kafin in fara aiki, kuma duk wanda ya san Legas ya san darajar wannan. Akwai masu ofis ɗaki ɗaya da za su karɓi kuɗin fom, kuɗin rajista, kuɗin gwajin lafiya, ran da kika koma ki tarar da mai sayar da katin waya ya gaji wurin. Su waɗannan, kasonsu daga wajen ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin asibitin yake fitowa. Sun duba lasisina da kansu a wajen hukuma, suka ga ya kusa ƙarewa, tun da shekara uku yake yi, suka ce in je in yi kwas ɗin sabuntawa in biya kafin in tashi, don can ba zan samu intanet ɗin yin hakan ba. Sun tambayi katin rigakafin ciwon hanta, kuma sun yi gaskiya, don Taraba tana cikin jihohin da ciwon hanta ya yi wa katutu, sunanta kuma ba ya ɓacewa a jerin jihohin da zazzaɓin Lasa ke ɓulla duk rani.

Wadda ta yi mini intabiyu wata tsohuwar metiron ce, wato shugabar nas-nas, Bayarabiya, ta yi ritaya. Ba ta ɓata lokaci a kan tambayoyin ofis ba. Ta ce mace ta zo tana jijjiga, ciki wata takwas, babu likita a garin, me za ki yi? Na ce maganisiyam salfet, giram huɗu ta jijiya a hankali, sannan giram biyar-biyar a kowane ɗuwawu, kuma kafin kowace allura ta gaba sai na duba numfashi da yawan fitsari, na buga gwiwa na ga ta amsa. Ta ce in numfashin ya yi ƙasa fa? Na ce a tsayar, a ba da kalsiyam gulukonet. Ta rufe fayil ta ce mini da Yarabanci, "'Yata, je ki haɗa kayanki." Kamfanin da ya ajiye irin wannan matar a ƙofar shiga ya san abin da yake nema, kuma ba zai tura wa mutanen ƙauye wadda za ta koyi aiki a jikinsu ba.

Kuɗi kuwa suna shiga ƙarshen wata ba tare da na kira kowa ba. Idan aka haɗa da alawus na zaman karkara, ya kusa ninka na Ikeja. Sai dai a karanta shafi na biyu na kwantiragin da kyau. Ba a rubuta ni ma'aikaciya ba, an rubuta ni mai ba da hidima mai zaman kanta. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Da wannan jimlar guda ɗaya, kashi 10 ɗin ya tafi, hutun shekara mai albashi ya tafi, ranar da kika kwanta ciwo kuma sai a cire. Ba ɓoye mini suka yi ba, yana nan a rubuce. Amma wadda ke kwatanta albashin da na gwamnati ta fara cire waɗannan kafin ta yi murna.

Matsalata da su ta fara ne daga takardar bayanin wurin aiki. Shafi ɗaya ce, da hoton gonar shayi kore shar, an rubuta "yanayi mai sanyi da daɗi". Jerin kayan da suka ce in tafi da su kuwa na wanda za shi Maiduguri ne: gidan sauro, hular rana, gorar ruwa. Babu rigar sanyi, babu takalmin laka. Wanda ya cece ni wani dattijo ne maƙwabcinmu, dillalin shanu a mayankar Oko-Oba, da ya yi shekaru yana sayo shanu a Nguroje. Da Inna ta gaya masa inda za ni, ya aiko a kira ni. Ya ce, "'Yata, Mambila ba Arewar da kika sani ba ce. Ki tafi Katangowa ki sayi suwaita mai nauyi, ba ta gayu ba, da safa ta ulu, da takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Bargo biyu. Tocila ta goshi, don hannuwanki biyu za ki buƙata." Na ce, "Baba, har haka?" Ya ce, "Jiki magayi." Na shiga gwanjon Katangowa a zafin Legas ina ɗaga rigunan sanyi, mai kayan yana tambayata ko Kanada za ni. Abin da dillalin shanu ya sani a ka, kamfanin da ke tura mutane can bai sani ba. Su kamar dillalin da bai taɓa ganin saniyar da yake ciniki ba suke.

A kwantiragin, tafiya kwana ɗaya ce, kuma kuɗin kwana ɗaya suka ware. Wanda ya rubuta haka taswira ya duba. Jirgi suka saya mini zuwa Yola, wannan kam sun kyauta. Daga nan mota ta Mayo Belwa da Zing zuwa Jalingo, inda dole a kwana, don direba mai hankali ba ya tunkarar dutsen da dare. Da asuba a kama hanyar Garba Chede, Bali, Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, mafi girma a ƙasar nan, sannan Mayo Selbe a gindin dutse. Har nan zafi ake yi, gumi nake. A Mayo Selbe direba ya tsaya ya zuba wa lagireto ruwa, ya zagaya ya duba tayoyi, ya ce, "Hajiya, in kina da addu'a ki fara." Hawan da ake kira Biyu da Sisi ba abin da za a ba mutum labari ba ne: lanƙwasa bayan lanƙwasa, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen, manyan motoci suna tafiya da kyar, yaran mota suna biye da su da waigi a hannu. Kunnuwana suka toshe. Kafin mu kai Maisamari na ciro suwaitar Katangowa. Kuɗin masaukin Jalingo da na abinci daga aljihuna suka fita, kuma sai da na yi ta aika rasit kafin a mayar mini da rabi.

Sama kuwa wata duniya ce. Tuddai ne marasa iyaka lulluɓe da ciyawa, shanu ƙosassu ko'ina, layukan bishiyar turare a bakin garuruwa. Tudun ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, ni kuwa daga garin da ke kafaɗa ɗaya da teku na fito. Can gaba kan iyakar Kamaru akwai Chappal Waddi mai mita 2,419, dutse mafi tsawo a Najeriya. Gembu ce hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, kuma yankin ma bai shigo Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, kafin nan yana cikin Kamarun Arewa da Ingila ke riƙo. Gonar shayin da ke hoton kamfanin gaskiya ce, tana Kakara, kuma ganyenta ya fi duk wanda masu shayin Agege ke dafa mana ƙamshi. Sai dai ni ba Kakara aka tura ni ba, ba kuma Gembu ba. Ƙaramin asibiti ne a wani ƙauye a hayin kogin Donga, inda kwalta ba ta taɓa zuwa ba. Abin hawa achaɓa ne, sai tsofaffin Land Rover da suka girme ni, waɗanda makanikan wurin suka hana mutuwa.

A fom ɗinsu sun rubuta cewa ana buƙatar mai jin Hausa, kuma don haka ne ma suka yi ta murna da samuna. A wajen mutumin Ikeja, daga an haye Jebba kowa Bahaushe ne. A kasuwar Gembu da Nguroje Hausa tana ci, maza da yawa suna ji. Amma majinyatana mata ne, kuma harshen da ya haɗa mutanen tudun Fulatanci ne. Matan ruga Fulatanci, matan ƙauyukan Mambila da na Kaka nasu harshen da Fulatanci. Mace tana naƙuda ba ta da lokacin lalubo Hausa. Abin dariya, abin da ya fi yi mini amfani bayan 'yan kalmomin Fulatancin da na tsinta shi ne Turancin buroka na Legas, saboda 'yan gudun hijirar Kamaru da rikicin yankin masu Turancin Ingilishi ya koro tun wajen 2017, da shi suke magana. Sauran kuwa sai da tafinta, kuma tafintata mai shara ce a asibitin, matar da ke jin harshe huɗu, ba a biyanta ko kwabo a kan wannan. Na rubuta wa kamfanin cewa a sa mata wani abu. Suka ce ba ta cikin kwantiraginsu.

Aikin kansa ya koya mini abin da Legas ba ta koya mini ba. A Ikeja da zafi muke yaƙi, fanka da na'urar sanyaya ɗaki muke nema wa mai jego. A can sanyi ne abokin gaba. Jariri lafiyayye zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, amma a ɗakin haihuwa mai rufin kwano babu silin, da asubar da hazo ya rufe gari, sai ki ga ma'auni yana sauka kina kallo. Babu kwalbar ɗumama jarirai, in ma akwai babu wutar da za ta riƙe ta. Mambilar da aka shekara da shekaru ana maganar za a gina mata tashar wuta mai megawat 3,050, da sola da janareta muke haihuwa a cikinta. Don haka sai ƙirjin uwa: a goge jariri sosai, a sa masa hula, a manna shi tsirara a ƙirjinta, a ɗaure da zani, a rufe su da bargo. Babban yaƙina da kakanni ne, masu son a yi wa jariri wanka nan take. Wata tsohuwa ta ce mini, ta bakin tafinta, "Ke 'yar nan, mu da muka haifi goma ba mu san wanka ba?" Na ce, "Iya, kun sani. Ku ara mini shi zuwa gobe, in rana ta fito ke za ki yi masa da hannunki." Bakwaini da dama sun rayu a haka, a ƙirjin uwa, in ta gaji a mayar ƙirjin goggo.

Ƙananan abubuwa ma sai an sake koyonsu. Na'urar da ake matsa wa yatsa don auna iskar jini tana ƙarya in yatsa ya yi sanyi, sai ki ga lambar da za ta tsinka miki zuciya alhali yaron yana wasa. Sai na riƙe hannun a cikin nawa ya yi ɗumi tukuna in auna. A wannan tsayin, lafiyayyen mutum ma lambarsa takan ɗan gaza ta mutumin Legas, amma yaro mai namoniya, wato ciwon huhu, in lambarsa ta sauka ƙasa da 90 oksijin yake buƙata, injin tace iskar kuma ba ya aiki sai batirin sola ya ƙoshi, a damina kuwa rana takan yi kwanaki tana wasan ɓuya. Ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 95, ba 100 ba, don haka ban yarda da dafa almakashi a buɗaɗɗiyar tukunya ba, sai tukunyar matsi mai murfin ƙarfe. Oksitosin, allurar tsayar da jini bayan haihuwa, firji take so, tsakanin digiri 2 da 8, kuma kafin ta iso mana ta sha zafin Bali da Serti a bayan mota. Shi ya sa kullum akwai ƙwayar misofurostol, mai tsayar da jini ita ma amma ba ta buƙatar firji, a aljihun rigata. Namoniya, ƙunar wuta a yaran da suka faɗa murhun jin ɗumi, tarin hayaƙi, karaya daga achaɓa, samarin da rami ya rufta wa a wajen haƙar shuɗin dutse mai daraja ta Mayo Sina: waɗannan ne abincin yau da gobe. Zazzaɓin cizon sauro yana nan, amma bai kai na ƙasa ba. Ko layi ɗaya daga cikin wannan babu a takardar bayaninsu.

Inda na fi jin zafinsu shi ne maganar motar ɗaukar marasa lafiya. Kwantiragin ya ce akwai mota don tura majinyaci babban asibiti, akwai kuma lambar waya da ake ɗauka dare da rana. Wani dare cikin damina aka kawo mini yarinya, haihuwar fari, tun jiya take naƙuda a gida. Na duba: mahaifa ta buɗe, kai ya ƙi saukowa, ƙasusuwan kan sun hau juna, fitsarin da na ciro da roba da jini-jini. Wannan ba aikin ungozoma ba ne, tiyata ce, kuma tiyata tana Gembu. Na hau tudun bayan asibiti inda ake samun sabis, ruwa yana dukana, na kira lambar. An ɗauka, wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba. Wani yaro mai ladabi ya ce in ba shi lambar gida da sunan titi. Na ce babu titi. Ya yi shiru yana danne-danne, ya ce, "Madam, ai na ga kusa ne, 'yan kilomitoci ne kawai." Motar tana nan, amma tana Gembu, a ɗaya hayin, kogin Donga ya cika ya batse, mashigin da muke bi kuma babu gada, sai kwalekwale.

Wanda ya yi aikin da kamfanin ya yi alkawari shi ne Malam, jami'in lafiyar al'umma da ya fi shekara ashirin a wurin. Bai kira kowa ba. Ya sa takalmin roba ya je ya buga wa mai Land Rover ƙofa, ya tura yaro a kan babur ya gaya wa masu kwalekwale su kwana da shiri. Na sa mata ƙarin ruwa, na ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, muka shimfiɗa katifa a bayan mota, muka rataya ledar ruwan a ƙarfen rufi. Motar tana zamewa a jar laka, mazan da suka rako mu suna sauka suna turawa, ni ina durƙushe da tocilar goshi ina riƙe da allurar hannunta kar ta fita. A bakin kogi masu jirgi suka ce ba mai shiga wannan ruwan cikin duhu, kuma ban ga laifinsu ba. Muka jira gari ya waye. Na ce wa Malam, "Malam, haka kuke yi kullum?" Ya ce, "Sista, yau ma da sauƙi, mun samu mota." A Gembu ba su ɓata lokaci ba, suka shiga da ita. Uwar ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba. Aka bar mata robar fitsari mako biyu don gudun yoyon fitsari, kuma Allah ya kiyaye, ba ta samu ba.

Da na rubuta rahoto, amsar da ta zo mai taushi ce, da ta'aziyya da alkawarin za a duba. Ban ce su ne suka cika kogi ba. Abin da na ce shi ne kada a rubuta wa nas cewa akwai mota alhali ba a san ta wane hayi take ba. Da sun faɗi gaskiya tun a Ikeja, da na nemi a ware kuɗin mai da na masu jirgi a ajiye a hannun Malam, da na matsa tun ranar awo a riƙa tura masu cikin fari da masu hawan jini su tare a Gembu wajen 'yan'uwa in wata ya kama. Daga baya haka muka riƙa yi, da taimakon mai unguwa da limamai da fastoci, ba da taimakon lambar dare da rana ba. A dutse ba a lissafin nisa da kilomita, da awa ake yi, da kuma ko an yi ruwa jiya.

Inshorar lafiyar da suka yi mini ma haka take. Kati mai kyau, amma yawancin asibitocin da ke karɓarsa suna Legas da Abuja, mafi kusa yana Jalingo. In allurar majinyaci ta soke ki, maganin kariya daga cutar ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, kuma gara a awannin farko. Ki tambaya tun kafin ki tashi ko akwai shi a kabad ɗin asibitin da za ki, kar ki dogara da katin.

Masauki ɗaki ne mai tsabta a harabar asibiti, da gado da katifa sabuwa, an cika wannan. Sanyi ne dai ke shigowa ta ƙasan ƙofa, in aka yi ƙanƙara kuma kwanon sai ya hana ki jin maganar kanki. Mutane suna kwana da kaskon garwashi a ɗaki a rufe, abin da nake hana majinyata saboda hayaƙinsa marar wari yana kisa, don haka ni sai bargon Baba biyu da gorar ruwan zafi. Abinci kuwa ban yi kuka ba. Dankalin Turawa, fiya, ayaba, gwaza, nono da man shanu, duk arha, tuwon masara kullum. Abin da aka hawo da shi daga ƙasa, shinkafa da fetur da gas, shi ne da tsada. Babu banki a ƙauyen, sai mai POS ranar kasuwa in sabis ya yarda, wani lokacin ma wayar sai ta kamo layin Kamaru. Na yi kewar burodin Agege fiye da yadda zan iya faɗa a gaban mutane.

Akwai kuma ranar tafiya. Kwantiragina ya ƙare ran Juma'a, wadda za ta canje ni ba ta iso ba sai bayan na sauka, don kamfanin ba ya biyan mutum biyu a rana ɗaya. Ban ga fuskarta ba. Na cika littafi guda da bayanai na bar mata a hannun Malam: wace ce ke da hawan jini, wace ce aka taɓa yi wa tiyata, wane mai babur ne ke ɗaukar waya da dare, wace kaka ce sai an lallaɓa. Ko a Ikeja nas ba ta barin duti sai ta miƙa majinyata hannu da hannu, balle inda majinyatan suka ɗauki watanni kafin su yarda da baƙuwar fuska. Matan da suka saba da ni sun fara zuwa awo, sai ga shi za su sake farawa da wata. Wannan ciwon duk aikin kwantiragi ne, amma 'yan kwanaki na haɗuwa tsakanin mai tafiya da mai zuwa da sun rage shi, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Ga mai tambaya ko ta sa hannu: in sabuwar gamawa ce ke, a'a, ki bari hannunki ya faɗa tukuna a inda akwai likita a ɗaki na gaba. In kina da asma ko ciwon sikila, ki fara ganin likitanki, don sanyi da tsayin wurin ba wasa ba ne. In kuwa kin ƙware, kina da wanda zai riƙe miki gida, kamfanin nan ba zai cinye miki kuɗi ba, kuma a Legas wannan kaɗai ya raba shi da tarin wasu. Maki shida nake ba su cikin goma, biyar na ofishin kuɗi da tsohuwar metiron, ɗaya na yaron da ya ɗauki waya.

Sun sake kirana, suna son in koma bayan Sallah. Na je ofishin da sharuɗɗa a rubuce: a biya tafiya yadda take, a ajiye kuɗin mai da na kwalekwale a asibitin, a sa wa tafinta alawus, a bar ni in haɗu da wadda zan canza kafin ta tafi. Manajar ta karanta ta ce, "Sista, na farko da na ƙarshe babu damuwa. Kuɗin kwalekwale kuma, a wane layi zan sa shi a kasafi?" Na ce ta biyo ni ta ga kogin, sai ta san layin. Ta yi dariya ta ce za ta tura wani daga ofis. Na ce ya fara biyawa ta Katangowa. Maganar tafinta har yanzu suna cewa sai sun ji daga masu ba da kuɗi, ni kuma ban sa hannu ba.